Kwafi Goma Sha Ɗaya, Labari Ɗaya

(Tsakar rana ce, amma ɗakin Maigida duhu ɗulum. Uwargida ta shigo da ƙaninta ɗan boko, ta kama labule za ta yaye.)

MAIGIDA: Kul! Hajiya, saki labulen nan!

UWARGIDA: Alhaji, baƙo fa muka yi. So kake ya yi tuntuɓe ya karye?

MAIGIDA: Ƙafa in ta karye ana ɗorawa. Bangon littafi in rana ta cinye masa launi, wa zai ɗora shi?

ƊAN BOKO: Yaya, ina wuni. Kai! Ashe kai ma mutumin marubucin nan Tolkien ne? The Hobbit ne wannan. Wannan ma shi ne. Na kusa da shi ma... Yaya, sayarwa kake yi?

MAIGIDA: Allah ya sawwaƙe. Tarawa nake yi.

UWARGIDA: Goma sha ɗaya ne, kada ka wahalar da kanka da ƙirga. Labari ɗaya, kwafi goma sha ɗaya. Kayana da ke cikin durowar nan yanzu suna ƙarƙashin gado.

MAIGIDA: Ba ɗaya ba ne! Wannan bangon fata ne, wannan na yadi, wannan an shafa wa bakin shafukansa ruwan zinariya, wancan kuma da gidansa na kwali ya zo, zura shi ake yi a ciki.

ƊAN BOKO: To wanne ka fi so a cikin mutanen labarin?

MAIGIDA: Na 1937.

ƊAN BOKO: A'a, mutanen ciki nake nufi.

MAIGIDA: Zauna ka ji, yaro. Ranar 21 ga Satumba 1937 kamfanin George Allen & Unwin na Landan ya fitar da littafin nan. Kwafi 1,500 kacal suka buga, kafin shekarar ta fita duk sun ƙare. Rigar takardar da ke lulluɓe da bangon, Tolkien da kansa ya zana ta. Kuma ka san yadda ake gane ta asali?

UWARGIDA: Ya fara. Nemi wurin zama mai laushi.

MAIGIDA: A leɓen rigar na baya an ambaci marubuci Lewis Carroll da sunansa na gaskiya, Dodgson. Masu ɗab'i suka ƙara masa harafi ɗaya, suka rubuta Dodgeson. Sai aka bi kwafin da alƙalami ana soke harafin da hannu. In ka ga wannan sukar tawada, to ka ga arziki.

UWARGIDA: Ka ji fa. Da ɗanmu ne ya yi wannan kuskure a makaranta, da Alhaji ya hana mu barci da faɗa. Amma da yake Turawan Landan ne suka yi, ya zama arziki.

MAIGIDA: A 2015 an yi gwanjon kwafi ɗaya a Sotheby's, wanda Tolkien ya ba wata tsohuwar ɗalibarsa kyauta da rubutun hannunsa a ciki. Fam 137,000 aka saye shi!

ƊAN BOKO: Subhanallahi. Wanne ne naka na 1937 ɗin in gani?

(Maigida ya yi gyaran murya. Ya sake yin wani.)

UWARGIDA: Faɗa masa mana.

MAIGIDA: Nawa kwaikwayo ne. Magadan kamfanin suka sake buga shi sak yadda ya fito da farko. Amma na asalin yana nan tafe, da yardar Allah.

UWARGIDA: Tun ina amarya yake tafe.

ƊAN BOKO: To ko kwaikwayon ne ai abin so ne, tunda tsohon babi na biyar ke ciki.

MAIGIDA: Yauwa! An sauya babi na biyar a bugu na biyu, 1951. Duk dillalai sun san wannan.

ƊAN BOKO: A na farko Gollum, halittar nan ta cikin kogo, da kansa ya yi alkawarin ba Bilbo, jarumin labarin, zobensa na sihiri in Bilbo ya cinye shi a wasan kacici-kacici, da ya neme shi ya rasa sai ya yi ta ba shi haƙuri, har ya raka shi ya nuna masa hanya. Da Tolkien ya zo rubuta The Lord of the Rings, zoben ya zama abin da ba mai iya rabuwa da shi, dole ya koma ya gyara. Ko ba haka ba, Yaya?

MAIGIDA: Haka ne, haka ne. Ka ga wannan kuwa? Dubi takardarsa.

(Duk wanda ya taɓa zama da mai tara littattafai ya san wannan "haka ne" ɗin. Ba ta da nisa da "sai anjima".)

MAIGIDA: The Lord of the Rings ke nan. Asali kashi uku ya fito, tsakanin 1954 da 1955. A 1969 aka haɗe shi wuri ɗaya a kan wata takarda shara-shara, shafi sama da dubu amma hannu ɗaya ya ɗauke shi. Wancan kuma bugun kamfanin Folio Society ne, 1977. Zanen da ke ciki asalinsa na Sarauniyar Denmak ta lokacin ne, Margrethe ta biyu, sai dai ta ɓoye a bayan sunan aro, Ingahild Grathmer.

ƊAN BOKO: Bari in ga zanen.

MAIGIDA: Tsaya! Sa safar hannun nan tukuna.

ƊAN BOKO: Yaya, ai manyan ɗakunan karatu sun daina wannan. Ko Laburaren Birtaniya cewa suke a wanke hannu a bushe shi, ya fi. Safa tana hana yatsa jin takarda, sai mutum ya yage shafi bai sani ba.

MAIGIDA: Madalla. Ka ga ke nan da safa haɗari, ba safa haɗari. Bar shi a rufe.

UWARGIDA: Tambaye shi wancan na cikin leda.

MAIGIDA: Wannan yadda ya baro maɗaba'a haka yake, iska ba ta taɓa shi ba. Ranar da aka fasa ledar, darajarsa ta faɗi.

UWARGIDA: To ta ina ka san akwai rubutu a ciki? Wataƙila farar takarda aka ɗinke maka.

MAIGIDA: Da kuwa na ji daɗi. Da ya zama shi kaɗai ne irinsa a duniya.

(Sallama daga waje. Dillali ya shigo rungume da jaka, yana waige-waige kamar wani na biye da shi, alhali ba kowa.)

DILLALI: Ranka ya daɗe. Hajiya, barka da gida. Alhaji, abin da na kawo yau, mutum uku na nema, na ce sai kai.

UWARGIDA: Mutum ukun nan dai ba sa gajiya. Wancan karon ma su ne.

DILLALI: The Silmarillion, bugun farko, 1977. Riga lafiya, ba a yanke kusurwar da aka rubuta farashi ba, ba tabon danshi, ba tambarin laburare. Sannan... buɗe shafin farko, ranka ya daɗe.

MAIGIDA: La ilaha illallahu! Sa hannunsa! J.R.R. Tolkien, ga shi ɓaro-ɓaro!

ƊAN BOKO: Malam, wace shekara ka ce an buga shi?

DILLALI: 1977, samari.

ƊAN BOKO: Tolkien ya rasu ranar 2 ga Satumba 1973. Ɗansa Christopher ne ya tattara takardun uban ya fitar da littafin bayan shekara huɗu.

(Shiru.)

DILLALI: To ai shi ya sa yake da wuyar samu.

ƊAN BOKO: Mamaci ne ya sa hannu?

DILLALI: Ni dillali ne, ba mai gadin maƙabarta ba. Abin da na gani na kawo. Kuma mutum irin wannan mai hangen nesa, me zai hana ya sa hannu tun da wuri, don ya rage wa iyalinsa aiki?

UWARGIDA: A kan littafin da ba a buga ba.

DILLALI: Hajiya, ilimi kogi ne.

MAIGIDA: Tsaya, tsaya. Irin wannan guda nawa ne a duniya?

DILLALI: Ɗaya tak.

ƊAN BOKO: Wancan da ke leƙowa daga jakarka fa?

DILLALI: Wannan na mutum ukun nan ne.

UWARGIDA: Alhaji, in ka sa hannu a aljihu, wallahi yau sai na yaye labulen nan duka, in buɗe taga.

MAIGIDA: Na fasa. Mayar da shi jaka, Malam. Amma kada ka sayar wa kowa sai mun yi magana.

DILLALI: Akwai wani kuma. Ka san ƙananan maɗaba'u kan yi bugu na musamman, wani mai lamba, wani mai harafi. Mai harafi kwafi 26 ne kawai, daga A zuwa Z.

MAIGIDA: Wane harafi ke hannunka?

DILLALI: Wanne kake so?

ƊAN BOKO: Yaya, ni kam in don labarin ne, ga nawa nan a aljihu. Na hannu ne, bangon ma ya cire na liƙe shi da salatif. Saura mini babi kaɗan in gama.

MAIGIDA: Miƙo in gani. Wai, wai, wai. An naɗe kunnen shafi, an ja layi da biro. Yaro, ba ka tsoron Allah? Tsaya... me ya sa shafukan nan na tsakiya suke a kife?

ƊAN BOKO: Wajen ɗinki aka yi kuskure. In na zo wurin sai in juya littafin.

DILLALI: Kuskure? Mu gani!

MAIGIDA: Cire hannunka, a gidana yake.

ƊAN BOKO: Ba shi da wata daraja fa. Kuskuren da ake biya shi ne wanda ke shaida cewa littafi daga zubin farko ya fito. Wannan dubi layin lambobin da ke bayan shafin suna, an sake buga shi sau ba adadi. Ɗinki ne kawai ya ɓaci.

DILLALI: Ka ji wayon 'yan boko, Alhaji? Rage masa daraja yake yi don kada mu taya. Samari, ni zan saya.

MAIGIDA: Na ninka abin da zai bayar.

DILLALI: Ban faɗi komai ba tukuna.

MAIGIDA: Duk da haka na ninka. Hajiya, kawo leda.

ƊAN BOKO: Haba Yaya! Ku bari in ƙarasa mana. Yanzu fa dodon ya tashi daga dutse a fusace ya nufi garin da ke kan tafki.

UWARGIDA: Kwantar da hankalinka, ƙanena. Wani maharbi, Bard, zai harbe shi da kibiya a inda ƙirjinsa ba sulke, ya faɗo kan garin ya mutu. Rigimar gaske sai wajen rabon dukiya.

ƊAN BOKO: Yaya Hajiya, kin ɓata mini! A ina ma kika karanta?

UWARGIDA: Mai ruwan zinariyar nan. Duk sanda Alhaji ya yi tafiya nakan ɗauko, a bakin taga, inda haske yake.

DILLALI: Alhaji, riƙe bango, kada ka faɗi.

MAIGIDA: A bakin taga... To. To, za mu zo kan wannan. Amma ku tsaya tukuna. Wane dodo kuke magana?