A koya wa ɗalibin ƙaramar sakandare kafa hujja kafin ƙawata magana

Yaro mai shekara 12 ya iya jayayya. Ka hana shi fita wasa ka ji yadda zai jero maka dalilai, har da sunan abokin da aka bari ya fita. Amma ka miƙa masa takarda ka ce ya gamsar da shugaban makaranta cewa a buɗe ɗakin karatu bayan an tashi, sai ya cika shafi da "ya kamata" da "wajibi ne", babu dalili ko guda. Laifin ba na yaron ba ne. Mun saba koya masa gabatarwa da gundarin magana da kammalawa, mu bi kuskuren nahawu da jan biro, mu ba da maki, ba mu taɓa tambayarsa "Me ya sa zan yarda da kai?" ba.

Kuma wannan shekarun ne lokacin tambayar. Masanin tunanin yara ɗan Switzalan, Jean Piaget, ya nuna cewa daga wajen shekara 11 ko 12 yaro ke fara iya yin tunani a kan abin da bai gani da ido ba, ya ce "da a ce kaza, da kaza zai faru". Wanda ya kai nan zai iya riƙe ra'ayi biyu a kansa ya auna su.

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin falsafa ɗan Girka, Aristotal, ya kasa gamsarwa gida uku: amincin mai magana, taɓa zuciyar mai sauraro, da hujjar hankali. Yara sun ƙware a na biyun, shi ya sa rubutunsu ke cika da roƙo da kururuwa. Inda suke tuntuɓe shi ne na ukun. A 1958 masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya bayyana cewa tsakanin da'awa da shaida akwai wata gada da marubuci ke yawan mantawa da ita. Ɗalibi zai rubuta cewa a buɗe ɗakin karatu da yamma, ya kawo shaida cewa wasu 'yan ajinsu ba su da wurin karatu mai shiru a gida, ya tsaya nan. Saura jimla ɗaya: makaranta ce ke ba da aikin gida, don haka tana da alhakin samar da inda za a yi shi. Da zan tsara darasin, wannan jimlar zan ba mako guda ita kaɗai.

Sai aikin da ya fi kowanne amfani: a sa yaro ya rubuta mafi ƙarfin hujjar wanda bai yarda da shi ba. Wa zai biya mai gadi? Wa zai raka ƙanana gida idan duhu ya yi? Wasu iyaye na ganin wannan koyar da yaudara ne, kuma damuwarsu abar dubawa ce. Sai dai yaron nan yana riƙe da waya, tallace-tallace da saƙonnin Facebook da TikTok suna jan hankalinsa kullum da dabarun da bai san sunansu ba. Wanda ya taɓa gina hujja da hannunsa ya fi saurin gane wadda aka gina a kan tsoro ko ƙarya.

Malamai za su ce aji ya cika, duba rubutu ya yi yawa. Gaskiya ne. To, a rage tsawon: sakin layi ɗaya mai da'awa da shaida da dalili, abokin zama ya karanta ya ja layi a ƙarƙashin kowanne. Sannan a nema wa rubutun mai karatu na gaske. A zaɓi wasiƙu uku mafi ƙarfi a kai wa shugaban makaranta, shi kuma ya amsa a rubuce, ko da amsar a'a ce, ya faɗi dalilinsa.