Ranar da aka zo gaisuwar Kaka tana zaune

Tun da na ci karo da hotunan Richard Avedon a intanet, kaina bai sake zama daidai ba. Ba'amurke ne, haihuwar New York a 1923, ya rasu a 2004, ya daɗe yana ɗaukar wa mujallun Harper's Bazaar da Vogue hotunan kwalliya. Akwai wanda ya ɗauka a Paris a 1955, wata doguwar mace cikin baƙar rigar Dior a tsakanin giwaye. Amma waɗanda suka tafi da hankalina su ne na talakawan yammacin Amurka, irin su masu haƙar ma'adinai. Sai ya kafa farar takarda a inuwa, ya tsayar da mutum gabanta, ba murmushi ba ado, hoto baƙi da fari. Ka kalli fuskar kamar ka tambaye ta abin da ke damunta.

To, Damagaram ba mu da giwa, amma muna da Kaka, kuma fuskarta ta fi ta kowa labari.

Ranar Alhamis, bayan ta dawo daga kasuwar Dole, na tare ta a gidanmu na Birni. Ta ce sai ta yi shiri. Awa guda cur, ta fito cikin sabuwar atamfa mai ja da kore da ruwan ɗorawa. Na rataya farin zanen gadon Inna a katanga, ba da saninta ba, na ce, "Kaka, kada ki yi dariya."

"Kai maigida, wa ya ce maka ganinka na sa ni dariya?"

Hoto ya fito, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Ita ko da ta leƙa salular sai ta ja tsaki.

"Ina launin zanena? Jikka goma sha biyu na saye shi, ka mai da shi toka!"

Ban kula ba. Na ɗora shi a WhatsApp, na rubuta "Allah sarki Kaka" a ƙasa, na kwanta barcin rana, salula a kashe don babu wuta.

Salati ne ya tashe ni. Na fito na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta na ta shigowa. Gwaggo ta kira Inna daga Maraɗi tana kuka, wai har ta kama hanyar tasha. Wata tsohuwa ta shigo da kwanon gero a ka, tana "Allah ya jiƙanta, mace mai haƙuri," ta ɗaga labule ta ga mai haƙurin zaune tana ɓantarar goro. Kwano ya yi gabas, tsohuwa ta yi yamma, takalminta ɗaya har yau yana gidanmu.

Baba bai ce mini komai ba, kallo kawai ya yi mini, irin wanda da na ɗauka da ya fi na Kaka kyau. Inna kuwa sai a lokacin ta hango zanen gadonta, akuya ta riga ta cinye gefe guda.

Kaka ce kaɗai ta ji daɗi. Ta kwana tana lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba, ta kuma hana a mayar da gero da sukarin da aka kawo. Shekaranjiya ta kira ni ɗakinta, ta rage murya.

"Maigida, sukari ya kusa ƙarewa, ga azumi na tafe. Yaushe za ka sake yi mini hoton nan na toka?"