Gicciyen hamadar Arizona shaida ne, a bar su a tsaye

A hamadar Sonora, kudancin jihar Arizona ta Amurka, akwai ƙananan gicciye na katako masu fenti mai haske, kafe a wuraren da babu gida babu rijiya. Alvaro Enciso, mai zane ɗan asalin Kolombiya da ke zaune a Tucson, shi ke kafa su tun 2013, kowanne a inda aka tsinci gawar ɗan ci-rani. Yana bin taswirar da ƙungiyar Humane Borders ke haɗawa da ofishin binciken gawa na gundumar Pima, kuma mamatan da ke cikinta sun haura 3,000, akasarinsu 'yan Meziko.

A ganina waɗannan katakai sun fi rahoton hukuma faɗin gaskiya, domin mace-macen suna da sanadi. Daga 1994 gwamnatin Amurka ta tsaurara tsaro a mashigan birane irin su San Diego da El Paso, da lissafin cewa tsoron hamada zai sa mutane su haƙura. Ba su haƙura ba. Sun karkata zuwa daji, zafi da ƙishirwa suka yi ta cinye su inda babu mai gani.

Talakan Meziko ya daɗe yana ajiye tarihin wahalarsa cikin addininsa na Katolika. A majami'ar San Juan de los Lagos da ke jihar Jalisco, 'yan ci-rani sun shafe shekaru suna kai ƙananan zane-zane a kan fallen gwangwani: wani yana gode wa Maryamu don ya haye kogin iyaka da rai, wata don ɗanta ya fito daga kurkukun Amurka. A Chicano Park na San Diego, filin da mazauna unguwa 'yan asalin Meziko suka mamaye ranar 22 ga Afrilu 1970 don hana a gina ofishin 'yan sandan hanya, hoton Maryamu ta Guadalupe, wadda Katolikan Meziko ke girmamawa, yana nan a jikin ginshiƙin gada.

Akwai masu cewa ba duk mamatan ne Kirista ba, don me za a ɗora wa wanda ba a san addininsa ba gicciye? Tambayar tana da nauyi, ni ma ta tsaya mini a rai. Amma idan zaɓin shi ne alamar da ba ta dace da kowa ba ko kuwa babu alama sam, na zaɓi alamar, don ita ke hana a ce ba a sani ba.

Mu ma muna da irin wannan hamada. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin garin Arlit na Nijar, kan hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ba mu buƙatar gicciye ko hoto, rubutu ya ishe mu. Ina fatan masu zanen Damagaram da Agadas su nemi iyalan mutanen nan, su karɓi sunayensu, su rubuta a bangon tashar mota inda matafiya ke shiga.