Samun kaya a hannu bai isa hujja ba

Marubucin wani labari da na karanta, kan kamfanonin da ke biyan mutum idan ya kawo sababbin mutane, ya ce ana gane kamfanin gaskiya idan yana da kayan sayarwa, amma a ganina wannan ma'aunin bai isa ba, domin masu damfarar yanzu sun iya ajiye sabulu ko maganin ƙarin lafiya a gaba don rufe ido. A nan Damagaram, ƙanena ya biya jaka ɗari da hamsin kuɗin shiga wani irin wannan kamfani, aka ba shi kwali biyu na wani shayi da babu ɗan kasuwa ko guda a Kasuwar Dole da ya yarda ya taya, har yau suna ƙarƙashin gadonsa, sannan aka ce ribarsa ba za ta fito ba sai ya kawo mutum biyar. Ku lissafa da kanku: idan kowa ya kawo biyar, a hawa na 10 ana bukatar mutum fiye da miliyan 9, a hawa na 11 kuwa an wuce yawan al'ummar Nijar gaba ɗaya. Malamin da ya kwatanta wannan harka da adashi a sharhinsa kan labarin, don Allah ka sake dubawa, saboda a adashi kowa yana kwasar daidai abin da ya zuba kuma an san ranar ƙarewa, a nan kuwa kuɗin sabon shiga ne ake biyan na sama da shi, kamar yadda MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi kafin ta dakatar da biya a Najeriya a Disamban 2016. Da za a hana su ɗaukar sababbin mutane na wata guda, cinikin shayin kaɗai zai iya biyan kowa?