Ko a'a ce, a faɗa masa mana

Jiya da la'asar na biya Mabera gaida Inna, ƙanwar mahaifina. Na iske ta bisa tabarma tana tsince shinkafa. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, wai har yau Turawan ba su kira shi ba?" Ɗanta take nufi, wanda ke Ingila. Karatu ya kai shi. Yana can 'yan bindiga suka tashi ƙauyen mahaifinsa a gabashin Sakkwato, shi ne ya nemi mafaka. Shekara biyu ke nan ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Na ce, "Inna, sai addu'a." Me zan ce?

Samarinmu na majalisa sun ɗauka da zarar ka taka Turai ka miƙa takarda, kakarka ta yanke saƙa. To ku ji. A Ingila mai neman mafaka ba shi da izinin aiki. Sai ya shekara yana jira sannan zai iya roƙo, shi ma a wasu 'yan sana'o'i da aka lissafa. Abin da ake ba shi wajen fam 49 ne a mako, in kuwa otal aka ajiye shi ana ciyar da shi, bai kai fam 10 ba. Na san yanzu wani ya ɗauko waya yana juya kuɗin zuwa naira. Ajiye, malam, ba a Tsohuwar Kasuwa zai yi cefane ba. Kuma ba ya iya leƙowa gida, don ranar da ya zo za a ce ashe ba abin da ya kore shi. Rasuwar yayansa ma a WhatsApp ya ji ta, a nan ya karɓi gaisuwa.

Layin kuwa ba na wasa ba ne. A watan Yunin 2023 mutum sama da 175,000 ke jiran hukuncin farko a ƙasar, otal-otal ɗinsu na cin kimanin fam miliyan 8 kullum. Ma'aikatan da ke yin hira da yanke hukunci sun yi kaɗan, gwamnati kuma ta ɓata lokaci da ɗaruruwan miliyoyi kan shirin kwashe mutane zuwa Ruwanda. Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa doka a Nuwamban 2023, Keir Starmer da ya zama firaminista ya soke shi a 2024, ba a tilasta wa ko mutum guda tafiya ba. Amurka ta fi muni, shari'o'i sama da miliyan 3 a kotunan shige da fice, alƙalai ba su kai dubu ba.

Wani zai ce wa ya aike shi, ai da yawansu ƙarya suke shirgawa. Akwai maƙaryata, ban musa ba. Amma jinkirin nan wa yake yi wa rana? Maƙaryaci ne ke son a daɗe, don kowane wata riba ce gare shi. Mai gaskiya shi ke ruɓewa a ɗaki. Kuma na san ɗan Najeriya sau da yawa ƙi ake yi, a ce ƙasarku da faɗi, in Sabon Birni ba ta zaunu ba ka koma Abuja ko Legas. To, in amsar ke nan, me ya hana a faɗe ta cikin wata shida, yaro ya dawo da sauran ƙarfinsa ya kama wani abu?

Abin da ke ba ni mamaki, ga Nijar nan kusa da mu. Tun 2019 dubban mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, aka karɓe su a matsayin 'yan gudun hijira a dunƙule, ba a tsare kowa da hirar awa huɗu ba. Aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori. Wahala na nan, abinci ba ya isa, amma mutum ya san matsayinsa, yana iya noma ɗan abin da ya samu.

Da zan tashi Inna ta rage murya ta ce iyayen matar ɗan nata sun sake aikowa. Yarinyar na gidansu da goyon da uban bai taɓa ɗauka ba, yanzu har yana gudu. Sun ce za su ƙara haƙuri zuwa bayan Babbar Salla, daga nan sai gaban alƙali. Ta ce in kira shi in faɗa masa, ita bakinta ba zai iya ba. Tun jiya nake duba lambarsa, ban danna ba.