Yi Kamar Ba Ka San Ina Nan Ba

Matar da ke nema mana aikin tallan tufafi ta buɗe kundin hotunana, ta juya shafi uku, ta ɗago kai ta dube ni. "Wannan ƙanenka ne?" Ni ne, shekara huɗu baya, lokacin babu gemu balle wannan ɗan tumbin. Ta ce masu talla sun gaji da mutum ya sandare a gaban farin bango yana muzurai. Hotunan rayuwar yau da kullum suke so: kana tafiya, kana dariya, kamar ba ka san da kyamara ba. Masu kyau 10 zuwa 20 sun isa, sai a zaɓi na katin da ake miƙa wa kamfanoni, fuska a gaba, tsayi da awon ƙirji da ƙugu a baya.

Na samo mai hoton da shi ma yake tara nasa kundin, muka yi ba ni gishiri in ba ka manda: ni da fuska, shi da kyamara, ba wanda zai biya wani. Ya ce mu haɗu saura awa ɗaya rana ta faɗi, lokacin haske ya yi laushi, ba ya ajiye wa mutum inuwa a ƙarƙashin ido. Guga ta cinye min minti 25 daga ciki.

Rigar da na aro ta yi min yawa. Ko a jikinsa, ya zaro maƙalan shanya guda uku ya tattare bayanta. Ashe haka ake yi, rigar da ka ga ta zauna ɗas a talla sau da yawa a ɗame take ta baya.

"To Oga, yi dariya."

"Me aka faɗa?"

"Ba komai, ka dai yi."

Na wage baki. Ya leƙa kyamara ya ce kamar mai jiran a cire masa haƙori. Muka koma tafiya, taku takwas in juyo, taku takwas in juyo. Tun ina ɗan shekara ɗaya nake tafiya ba wanda ya taɓa kuka da ni, amma ranar nan hannun dama da ƙafar dama suka dinga fita tare. Ƙanensa kuwa, mai riƙe faifan nan mai ƙyalli da ke maido haske kan fuska, ya saita min shi cikin ƙwayar ido har hawaye. Ga zufa. Sai da rana ta kusa nutsewa na saki jiki, na jingina da wata ƙofar gilashi ina dariyar gaske, don gajiya ta kai ni inda komai dariya yake ba ni.

Washegari ya turo hotuna 340. Na bakin ƙofar nan ne kawai suka yi kyau, na tura wa matar biyar ba tare da na buɗe su da girma ba. Gilashi kuma ba ya rufa asiri. Ga bayana raɗau a cikinsa, maƙalai uku a jere, kore biyu da ja ɗaya, ga jirwayen zufa har ƙugu.

Ta kira ni. "Dariyar ba laifi," in ji ta. "Amma wa ya kwaso ka daga igiya ba ka gama bushewa ba?"