Gara tana cin tarihin lafiyarmu, mu kuma muna kallo

A bara ɗan ƙanwata, wanda yake shekarar ƙarshe a karatun likitanci, ya roƙe ni in raka shi wani babban asibitin gwamnati. Aikin kammala karatunsa a kan sanƙarau ne, yana son ya ga rajistar yaran da aka kwantar shekaru 20 da suka wuce: daga wace unguwa suka zo, a wane wata, nawa suka tashi, nawa suka rasu. Sai da muka yi sawu uku kafin muka dace da mai makulli. Dattijo ne mai fara'a, ya kai mu wani ɗaki a bayan ɗakin wanki, ya sa kafaɗa ya ture ƙofar. Warin ruma ne ya fara yi mana maraba. Fayiloli ne jibge tun daga ƙasa har kusa da silin, an ɗaure su dami-dami da igiyar leda, na ƙasan sun manne da juna sun zama kamar tubali. Yaron ya ɗaga wani babban littafin rajista, bangon ya biyo hannunsa, cikin ya zube gari.

Na ce, "Baba, na shekarar da muke nema fa?" Ya ce, "Malam, wannan shekarar ruwa ya ci ta. Damina biyu kwanon nan yana yoyo, na rubuta takarda har na gaji."

Ban ga laifin Baba ba. Shi kaɗai ne a wurin, babu kanta, babu fanka, babu ko maganin gara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowane shafi da ya ruɓe a ɗakin nan, wata nas ce ta zauna da tsakar dare ta cike shi, kuma ɗan wani ne aka rubuta a ciki. Ra'ayina a wannan sharhi ke nan: ɗakin karatu da ma'ajiyar takardu sashe ne na aikin lafiya kamar ɗakin gwajin jini, kuma ƙasar da ta bar su suka lalace za ta yi ta biyan kuɗi tana sake gano abin da iyayenta suka riga suka gano.

Laberiya ta ɗanɗana wannan. A 1982 wasu masu bincike Jamusawa sun buga sakamakon gwajin jinin da aka ɗiba a ƙasar, suka ce akwai alamar ƙwayar cutar Ebola a jikin wasu mutane, don haka ma'aikatan lafiya su zauna da shirin za su iya cin karo da ita. Takardar ta fito a wata mujallar kimiyya a Turai, ta kwanta a can. Bayan shekara 32 Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe mutum sama da 11,000. A 2015 babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin, Dakta Bernice Dahn, da abokan aikinta biyu suka rubuta a jaridar New York Times cewa su ba su san da wannan gargaɗi ba sai bayan annobar ta yi ɓarna, babu ɗan Laberiya ko ɗaya cikin marubutan, kuma likitan da ke son sauke irin wannan takarda daga intanet sai ya biya dala 45. Ba na cewa takarda ɗaya za ta hana annoba. Amma likitan da ya taɓa karanta cewa cutar tana iya kasancewa a ƙasarsa, yadda zai kalli maras lafiyan farko daban ne da wanda aka koya masa cewa Ebola ta Kwango ce.

Mu ma muna da namu, sai dai namu labarin ya fi daɗi, shi ya sa nake son in daɗe a kansa. Garki nake nufi, ta Jigawa, ba ta Abuja ba. A lokacin tana cikin jihar Kano. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wani gagarumin bincike a ƙauyukan wannan yanki. Tambayar ita ce: idan aka fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, aka kuma raba wa jama'a maganin zazzaɓi gaba ɗaya, za a iya katse yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a irin wannan ƙasa tamu? Aka fesa wani magani mai suna propoxur, aka raba ƙwayoyi, aka yi ta bin mutanen ƙauyuka ana ɗibar jininsu a kan gilashi ana dubawa, ana kama sauro ana ƙirgawa, damina da rani. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita, feshin bai same shi ba.

Wani zai ce ai aikin bai ci nasara ba. To amma an rubuta komai, an adana. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakon a littafi, hukumar ta buga a 1980. Daga alƙaluman Garki aka gina wani tsarin lissafi na yadda zazzaɓin ke yaɗuwa, wanda har yau da sunan garin ake kiransa, kuma masu bincike a Turai da Amurka suna ta komawa ga waɗannan alƙaluma don gwada sababbin dabaru a kwamfuta kafin a kashe kuɗi a fili. Daga jinin mutanen Garki ne kuma Alan Fleming da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna cewa galibin yaran da aka haifa da sikila a karkara ba sa kai wa girma a wancan zamani, binciken da har gobe ake kafa hujja da shi. Manoman da suka miƙa yatsa aka soka musu allura shekara 50 da suka wuce suna ci gaba da yi wa duniya amfani, saboda wani ya ɗauki ajiye takarda a matsayin aiki.

Sai dai ina son mai karatu ya tambayi kansa: a Garki kanta, ko a Dutse, wane ɗakin karatu ne zai miƙa wa jami'in lafiya wannan littafi? Ɗalibai nawa ne a makarantun koyon aikin lafiya na Arewa suka taɓa jin labarinsa?

Haka zancen Anchau yake, a ƙasar Zazzau, inda tun daga ƙarshen shekarun 1930 aka sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tashi mutane aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, duk don yaƙi da ciwon barci. Haka na Malumfashi, inda masana daga Liverpool suka yi shekaru suna bincike tare da na Zariya a shekarun 1970. Haka aikin Brian Greenwood, wanda ya yi kusan shekara 10 a Zariya yana nazarin sanƙarau kafin ya koma Gambiya, daga baya Landan. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi yi wa binciken cututtukan ƙasashe masu zafi. Sakamakon ne ya yi ƙaura.

Inda ya koma kuwa, sun san darajarsa. Makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, wadda Patrick Manson ya kafa a 1899, tana da laburare da ma'ajiyar tarihi a gininta na titin Keppel, ginin da aka ƙawata barandunsa da siffofin sauro da ƙuma da sauran masu yaɗa cuta, an shafe su da ruwan zinare. A nan takardun Ronald Ross suke, likitan da a ranar 20 ga Agusta 1897, a Sikandarabad ta Indiya, ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin tumbin sauro, ya samu kyautar Nobel a 1902. Wasiƙunsa da littattafan da yake rubuta abin da ya gani a madubin gwaji suna nan, an jera su an yi musu lamba. Abin dariya, shi kansa Ross sai da ya sa takardun nan a kasuwa a 1928, wata attajira, Lady Houston, ta saye su a kan fam 2,000 ta bayar a ajiye. Wato ko a can ma ba daga sama abin ya faɗo ba, wani ne ya ciro kuɗi daga aljihunsa. Attajiranmu da ke gina ɗakin kwanciya a asibiti su rubuta sunansu a bango, Allah ya saka musu, amma ban taɓa jin wanda ya ɗauki nauyin ɗakin fayil ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Asibitin da babu wuta, babu safar hannu, mai naƙuda tana kwance a ƙasa, shi za ka ce a kashe wa kuɗi a kan tsofaffin takardu? Idan zaɓin tsakanin jinin da za a ƙara wa yaro ne da kantar ajiye fayil, ni ma jinin zan zaɓa. Amma ba haka zaɓin yake ba. Gyaran kwanon ɗakin Baba, da kantoci na ƙarfe, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da ma'aikaci guda da ya karanci aikin, duka ba su kai kuɗin mota ɗaya daga cikin waɗanda ake saya wa manyan jami'ai ba. Kuma rashin su yana da tsada. Jihar da ba ta san a waɗanne unguwanni amai da gudawa ya saba fara ɓulla ba cikin shekara 30, kowace damina sai ta fara daga farko, ta watsa ɗan abin da take da shi ko'ina. Taswirar yankin sanƙarau da ake aiki da ita har yau, wadda ta ratsa Nijar da Arewacin Najeriya da Chadi, likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ne ya fitar da ita a 1963, kuma da tsofaffin rahotannin annoba ya yi aikin. Ita aka bi lokacin da aka fara allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar.

Maganin zazzaɓin da muke sha yau ma ta ɗakin karatu ya biyo. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta yi ta gwada wani ganye ɗan'uwan tazargade bai yi aiki yadda ake so ba, sai ta koma wani littafin magani da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, ta ga ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a dafa ba. Daga nan ta gane zafi ne ke kashe sinadarin, ta sauya hanyar tatsa, aka samu sinadarin artemisinin mai kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ta karɓi Nobel a 2015. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Ban ce akwai wata Nobel a kwance a ciki ba, na dai ce sai an adana, an jera, an karanta kafin a sani.

Game da mujallu masu tsada, an ɗan samu sauƙi. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin Hinari don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun lafiya kyauta ko da rahusa, kuma bincike da yawa yanzu a buɗe ake buga shi. Matsalar da ta rage ta mutum ce. Tarin takardu a intanet ba ya amfanar likitan da yake ganin maras lafiya 80 a yini, sai da ma'aikacin laburare da ya iya nema, ya tace, ya ce masa ga guda uku da suka shafe ka. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, amma mu laburare wurin da ake tura ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi ne. Ko hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja, da aka bayar da kwangilarta a 2006, ta shafe shekaru tana tsaye ba a kammala ba.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk wanda zai zo ya ɗibi jinin mutanenmu ko ya yi musu tambayoyi, Bature ne ko ɗan gida, kwamitin da ke ba shi izini ya sa masa sharaɗin ajiye rahoton da alƙaluman a laburaren jami'a mafi kusa, an cire sunayen mutane don kare sirrinsu, tare da taƙaitaccen bayani da Hausa da za a karanta wa hakimi da mutanen garin. Jami'o'inmu su nemi kwafin abin da ke Landan da Liverpool da Geneva a kan yankinmu. Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantu, yana da kason laburare, a yi wannan da shi. Fayilolin lafiya na zamanin Turawa da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna a ɗauki hotonsu tun takardar tana iya ɗaguwa.

Ɗan ƙanwata dai ya sauya batun aikinsa zuwa shekaru 5 na baya-bayan nan, su ne kaɗai suka tsira. Da muka je yi wa Baba sallama ya gaya mana saura wata 8 ya yi ritaya, kuma shi kaɗai ya san wane dami ne na wace shekara.